Tambayi likita: waya da kwamfuta a harkar asibiti

Tambaya: Salam likita. Mahaifiyata tana da suga da hawan jini, kusan duk zuwa asibiti sai ace ba a ga fayil ɗinta ba, a buɗe sabo a sake gwaje gwaje. Wai yaushe za a koma kwamfuta ne? Daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba Mama lafiya. Wallahi wannan abu yana ci min rai, don likitan da zai ga Mama yau yana buƙatar sanin yadda gwajin ƙodarta ya nuna bara, da wane magani aka canza mata kuma saboda me, in fayil ya ɓace to lalube kawai zai yi, kai kuma ka sake biyan kuɗin gwaji. Shiri dai akwai, a 2024 ma'aikatar lafiya ta tarayya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta ƙaddamar da shirin mayar da bayanan lafiya kan kwamfuta, wasu manyan asibitoci ma sun fara. Amma a ganina sayen kwamfutar shine mafi sauƙi a cikin aikin. In an ɗauke wuta ko netwok ya tsaya, layin da zaka gani a ɗakin kati sai ya fi na da tsawo, mara lafiya na zaune ma'aikaci na kallon allo ba abinda yake motsi. Don haka duk mai tsara wannan abu ya fara da sola da intanet mai ƙarfi, ya koya wa nas nas da ma'aikatan kati aikin sosai, sannan a tabbatar bayanin da aka shigar a Gusau zai buɗu a Sakkwato in an tura mara lafiya can. Kafin nan ka sayi ƙaramin littafi, duk sakamakon gwaji ka ɗauki hotonsa, sunan magani da ranar da aka fara ka rubuta, ka riƙa tafiya dashi.

Tambaya: Likita ɗana ɗan wata takwas yana zazzaɓi, na tambayi ChatGPT (manhajar nan mai amsa tambayoyi) ya bani bayani mai kyau, dole sai naje asibiti? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: 'Yar uwa ki kaishi. ChatGPT yana iya fayyace miki bayani, ni ban hana karantawa ba, amma baya ganin yaron, baya jin ƙirjinsa, kuma bazai ɗiga jininsa a gwajin maleriya ba, gashi wani lokacin yana faɗin kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa. In yaro ya ƙi nono, ko yana amai da duk abinda ya sha, ko numfashinsa na sauri ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ko ya yi taune taune, ko barci ya masa nauyi baya farkawa da kyau, kar ki jira gari ya waye.

Tambaya: Agogon hannuna yana auna hawan jini, zan iya dogara dashi?

Amsa: A'a Alhaji, musamman masu arahar nan na kasuwa. Ka nemi na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ka zauna minti 5 kafin ka auna. In kana yawan ganin 140/90 ko sama, ga likita.

Tambaya: An tura sakamakon gwajin ƙanwata a wani gurup na WhatsApp wai don neman shawara, hakan daidai ne?

Amsa: Ba daidai bane Hajiya in ba da izininta ba, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta sirrinsu. Hoto ɗaya na gwajin HIV ko na ciki mai ɗauke da suna yana iya kashe aure ko hana shi. Ki sa a goge, in kuma ma'aikacin asibiti ne ya tura to ku kai ƙara wajen shugabannin asibitin. Ko mu likitoci in zamu nemi shawarar abokin aiki sai mun rufe suna da lambar kati kafin mu tura.