Kwamfuta ta tare ni da gargaɗi a kan takardar shaidar da na bayar a shari'ata, in danna in wuce?

Wannan saƙon ya shigo min ne daren Laraba, na ɗan rage shi kaɗan:

"Salam Malam. Ni ɗan Jos ne amma shekara tara kenan ina Bronx ina tuƙin tasi. Bara wata babbar mota ta buge ni ta baya, bayana ya taɓu, lauyana ya shigar da ƙara a kotun jihar New York. Kafin in taho gida duba Hajiyarmu da bata da lafiya an zaunar da ni a wani ofis, lauyan inshora yayi ta min tambayoyi kusan awa huɗu, da tafinta a gefe, wata mata tana ta bugawa. Yanzu ina Anguwan Rogo sai ga imel wai rubutun ya fito, in shiga in karanta in sa hannu. Na buɗe a laftop ɗin ƙanina sai ya rubuto Your connection is not private. Shi yace in danna Advanced in wuce, wai haka suke yi kullum ba abinda ke faruwa. Ni dai zuciyata bata kwanta ba. In danna? Baban Khalifa."

Wa alaikumus salam Baban Khalifa, Allah ya ba Hajiya lafiya yasa kaffara ne. Kar ka danna. Ƙanin naka ba ƙarya yayi ba, haka suke yi kullum, amma shi sakamakon ƙwallo yake dubawa ko ya sauke fim, kai kuwa abinda ke bayan wannan shafin maganar da ka faɗa ce bayan ka yi rantsuwa, da cikakken sunanka da adireshinka da bayanin ciwonka, kuma kafin ka ganta sai ka zuba imel da kalmar sirri. Kaga ba ɗaya bane.

Bari in fara da abinda gargaɗin yake nufi, don da yawa daga cikinmu sun ɗauka bairos ne. Kowane shafin da adireshinsa ya fara da https yana da satifiket, ka ɗauke shi kamar katin shaida: akwai sunan shafin a jiki, akwai ranar da zai daina aiki, akwai hatimin wanda ya bayar. Burauza kuma kamar sojan shingen bincike ne, ɗan Jos ai ba sai an masa bayanin wannan ba, ya karɓi katin ya duba, in wani abu bai yi daidai ba yace tsaya. To a ƙasan wannan rubutun na Chrome akwai wani ɗan layi mai ƙaramin rubutu wanda ba mai karantawa, kuma shine yake gaya maka dalilin tsayarwar.

In kaga ERR_CERT_DATE_INVALID maganar kwanan wata ce, kuma ina kyautata zaton ita ce ta same ka. Duba agogon laftop ɗin a can ƙasa hannun dama kafin komai. Waɗannan laftop ɗin na hannu da muke saya akwai wani ɗan batir kamar kwabo a cikinsu mai riƙe agogo, in ya mutu kuma aka ɗauke wuta caji ya ƙare, sai kwamfutar ta farka tana ganin muna wata shekara can baya, duk satifiket ɗin da aka miƙo mata sai tace wannan ai lokacinsa ma bai zo ba. Na taɓa zama a wani shagon buga takardu wajen Terminus ina jiran a fitar min da wata takarda, ina kallon yaron shagon, kowane shafi ya buɗe sai gargaɗi, shi kuma ko kallo baya yi, hannunsa ya riga ya haddace inda Advanced yake, ƙyas ƙyas ya wuce. Na leƙa agogon kwamfutar na ga Janairun 2009. Nace masa kai gyara wannan mana, ya gyara, gargaɗin ya ɓace gaba ɗaya, sai ya kalle ni kamar nayi tsibbu. Abinda yafi damuna ma a wajen ba agogon bane, ya buɗe wajen da ake sauke fayil don ya nemo tawa sai ga fasfo ɗin mutane da takardun banki da na biza birjik, na watanni, ba wanda ya goge. Shi yasa nake ce maka takardar shari'arka kar ta je shagon kowa.

In agogo daidai yake amma gargaɗin bai tafi ba, to wataƙila masu shafin ne suka yi sakaci satifiket ɗinsu ya ƙare basu sabunta ba, yana faruwa, da yawa daga cikin satifiket ɗin nan kwana 90 kawai suke yi. Amma wannan matsalarsu ce su gyara, ba kai zaka tsallake ba, domin daga inda kake zaune baka da yadda zaka bambance sakacin ma'aikaci da aikin ɓarawo.

ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID kuma sunan da ke kan katin ba shine sunan shafin da ka nema ba. ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID, burauza bata san mai hatimin ba. Waɗannan biyun sukan fito in kana kan wayfay ɗin otal ko na filin jirgi wanda sai ka shiga wani shafinsu tukuna, ko kuma in na'urar ta tsufa sosai, wayoyin Android da basu kai 7.1.1 ba sun daina gane satifiket na shafuka masu yawa tun 2024, don haka in tsohuwar wayar Hajiya ka ara kar kayi mamaki. Gwajin mai sauƙi ne: ka kashe wayfay, ka kunna datar layinka, ka buɗe a wayarka ta Amurka wadda ka san tana sabunta kanta. In ya buɗe lafiya ƙalau to laifin laftop ne ko na netwok. In can ma ya tsayar da kai, shikenan ka rufe.

Akwai kuma wani daban wanda shafin gaba ɗaya zai koma ja wur, ya rubuto Dangerous site ko Deceptive site ahead. Wannan ba zancen satifiket bane, an riga an kama shafin da damfara ko raba mugun fayil an sa shi cikin jerin da Google ke ajiyewa. Nan babu wani gwaji babu gyaran agogo, fita kawai.

Yanzu ga inda nafi so ka saurare ni, don nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Rashin gargaɗi ba shine shaidar gaskiya ba. Satifiket yanzu kyauta ake samunsa cikin mintuna, ɗan damfara ma yana da nasa, shafinsa zai buɗe sumul ba ja ba rawaya. Ɗan kwaɗon nan da muka saba gani a gefen adireshi muna cewa ai a kulle yake, abinda kawai yake nufi shine ba mai leƙen abinda ke wucewa tsakaninka da shafin, bai ce maka mai shafin mutumin kirki bane, har Chrome ma sun cire alamar kwaɗon a 2023 saboda mutane suna mata wannan fahimtar. To tambayar farko ba wai ya zan wuce gargaɗin ba, tambayar ita ce waye ma ya turo imel ɗin?

Saboda haka ka kira ofishin lauyanka. Ba lambar da ke cikin imel ɗin ba, a'a, wadda ke cikin wayarka tun farko ko wadda ke kan takardar yarjejeniyar da kuka sa hannu. Mun girme su da awa 5 a lokacin zafinsu, awa 6 a lokacin sanyi, kaga in ka kira bayan la'asar su safiya ce suna ofis. Ka tambayi sakatariya abu uku a numfashi ɗaya: ku kuka turo ko kamfanin masu buga shaida, menene ainihin adireshin shafin harafi da harafi, kuma za ku iya turo min shi a PDF kai tsaye? Yawanci wannan na ƙarshen shi ke kashe maganar, su turo maka fayil ka karanta a wayarka ba sai ka shiga shafin kowa ba. Ka ɗauki hoton gargaɗin ka tura musu ma, in shafin nasu ne su san ya lalace.

Kuma ka sani irin wannan rubutun a ƙa'ida ta hannun lauyanka yake biyowa. Kotu bata turo wa mutum imel tace biya kaza ka ga shaidarka, ko turo lambar soshiyal sekuriti, wato lambar shaidarka ta gwamnatin Amurka, ko sayo katin kyauta. Imel ɗin da ya zo da fayil mai ƙarewa da zip ko exe ko html, ko takardar Word da zata ce danna Enable content kafin ka gani, ko shafin da zai ce burauzarka ta tsufa sauke wannan, duk ka bar su inda ka gansu. Su 'yan damfara sun san mai shari'a a tsorace yake kuma a gaggauce, shi yasa suke sa kalmar kotu da awa 24.

To amma kar tsoron dannawa yasa ka jefar da maganar gefe kace sai na koma, nan ma akwai asara. Wannan zaman da kayi, wanda suke kira difozishin, a New York ma zaka ji lauyoyi suna cewa EBT, ba irin afidabit ɗinmu bane da zaka je kotu a buga maka shafi ɗaya ka biya a sa hatimi. Duk amsar da ka bayar an rubuta ta yadda tafinta ya juya ta, kuma ranar shari'a lauyan inshora zai iya ɗaga takardar yace a shafi kaza layi kaza kace kaza, yau kuma kana cewa kaza. Dokar jihar New York ta ba mai shaida kwana 60 ya karanta ya gyara ya sa hannu ya mayar, in ya wuce za a iya amfani da ita kamar ya sa hannun, kuma gyara ya rufe. A kotun tarayya kwana 30 ne, shima sai in an nema kafin a tashi daga zaman. Ka tambayi lauyanka daga wace rana aka fara ƙirga naka, ka rubuta ranar a bango in ta kama.

Dalilin da yasa nake matsa maka ka karanta da kyau shine tafinta. Kace da tafinta akayi. Hausar Bronx kala kala ce, akwai ta Gana akwai ta Nijar akwai tamu, kuma dukansu Hausa ce amma ba kullum kalma take faɗawa waje ɗaya ba. Kai Bahaushe an tambaye ka ya jikin, me zaka ce? Da sauƙi, alhamdulillah. Ko kana kwance baka iya juyawa haka zaka ce, tarbiyya ce. Tafinta ya juya shi yace ka samu sauƙi, mai bugawa ta rubuta, lauyan inshora ya ja layi a ƙarƙashi. Ko kace kwana biyu ban fita aiki ba, kana nufin an daɗe, a rubuta maka kwana 2 cif. Wallahi irin waɗannan sun fi gargaɗin burauza haɗari ga diyyarka. Ka zauna da biro da takarda, duk inda kaga ba haka kake nufi ba ka rubuta lambar shafi da lambar layi da abinda ka faɗa da Hausa, ka tura wa lauya, shi zai san wanda ya cancanci shiga takardar gyara don kowane gyara sai an rubuta dalilinsa, kuma ba a son mutum ya juya labarinsa gaba ɗaya. In turancin yayi maka nauyi ka nemi lauyan ya haɗa ka da tafinta ta waya ku bi shi tare.

Sa hannun kuma kar kayi gaban kanka. Yawanci a gaban notari ake yi, wato jami'in da doka ta ba izinin tabbatar da sa hannu da hatiminsa, ka tambaye shi wanne zai karɓu tunda kana Najeriya. Ofishin jakadancin Amurka a Abuja suna yi, sai ka nemi rana ta intanet tukuna, dala 50 kowane hatimi, amma kar ka kama hanyar Akwanga da Keffi sai lauya yace lallai sai shi, wataƙila akwai hanyar da ta fi sauƙi ko ranar komawarka ta riga wa'adin.

Sai maganar gida, ka yi haƙuri zan faɗa. Na san yadda ake yi, ɗan uwa ya dawo daga waje, an ji akwai shari'a akwai kuɗin inshora a hanya, kowa na son ya ji ina aka kwana, wani kawu zai ce turo a kai wa wani lauya ɗan unguwa ya duba. Kar ka tura linkin ko fayil ɗin a guruf ɗin dangi na WhatsApp, balle saƙonnin da ke tsakaninka da lauyanka, waɗannan doka ta basu kariya ta sirri kuma kariyar tana iya faɗuwa in kai da kanka ka raba wa wasu. Hotunan biki ma ka yi hankali da su a Facebook, masu inshora suna leƙawa, mutumin da yace baya iya sunkuyawa a gan shi ya ɗauko buhun dankali a Farin Gada, kaga an samu abin faɗa ko da daurewa kayi don kunya.

In kuma kafin amsata ta iso ƙanin naka ya riga ya danna har ka zuba kalmar sirri, to yau ɗin nan ka canza ta daga wayarka ba daga laftop ɗin ba, ka fara da ta imel don ita ce uwar sauran, duk inda kake amfani da irinta ka canza, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka fita daga akawun ɗinka a laftop ɗin ka goge abinda aka sauke, sannan ka gaya wa lauyanka abinda ya faru ba kunya. Shi kuma ƙanin a bashi kuɗin batirin agogo ya kai wa masu gyara, ba tsada gare shi ba.

A gaida Hajiya da jiki. In ka duba ɗan layin nan na ƙasan gargaɗin ka turo min abinda ya rubuta.