Jinyar Mama ta gajiyar da ni, ya zan yi?

'Yar'uwa, kin ce ke kaɗai ke jinyar mahaifiyarki mai shanyewar ɓarin jiki, ba kya barci, kina yawan kuka, kuma kina ganin laifin kanki in kin gaji. Wallahi gajiya ba rashin biyayya ba ce. Ki tara 'yan'uwanki, har mazan, a raba kwana. Wanda ba zai iya zama ba ya ɗauki kuɗin magani. Idan ƙuncin zuciyar nan ya wuce mako 2, ki ga likita, don yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato suna dubawa. Allah ya ba Mama lafiya.