Gashin Kyanwa Ya Cika Mini Ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kyanwa biyu, maigidana kuma yana da kare mai gadi, irin na Jamus. Tun da zafin bazara ya kama, gashi ya cika kujeru da darduma, har a kan sallaya nake tsintar sa. Wata maƙwabciyata ta ce in shafa musu baƙin mai. Cuta ce ko kuwa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zubar gashi ɗabi'a ce ga kyanwa da kare, domin tsohon gashi yana faɗuwa ne sabo ya maye gurbinsa, kuma abin yakan ƙaru idan yanayi ya sauya, musamman daga sanyin hunturu zuwa zafi. Karen Jamus, wanda ake kira Alsatian, gashinsa rufi biyu ne, akwai mai laushi a ƙarƙashin na sama, saboda haka ya fi karen gida zubarwa nesa ba kusa ba. Macen da ta haihu tana shayarwa ita ma takan zubar fiye da kullum.

Fatar ce za ta gaya miki gaskiya. Ki buɗa gashin da yatsu a cikin haske. Idan fatar sumul take, babu ja, babu ɓawo, babu wurin da ya yi sanƙo, to taza kawai ake buƙata. A riƙa taje su kullum a tsakar gida da mataji ko buroshi, ana bin kwancin gashin, sannan a goge jikinsu da tsumma mai laima. Wannan zai kuma rage gashin da kyanwa take haɗiyewa wajen lasar jikinta, wanda daga baya take amayar da shi a dunƙule. Yawan wanka da sabulun wanki yana busar da fata, ya ƙara zubar.

Amma idan dabbar tana susa ba ji ba gani, ki tsayar da ita a kan farin ƙyalle mai laima ki taje ta. Baƙaƙen ɗigo-ɗigon da suka faɗo, in suka narke suka koma ja, kashin ƙuma ne, wato jinin dabbar da ƙuma ke sha. Sanƙo mai zagaye da ɓawo yana iya zama makero, wanda yake yaɗuwa zuwa ga mutane, yara ma sun fi saurin kamuwa. Fata mai kauri da kaushi a gefen kunnen kare da gwiwar ƙafafunsa tana nuna ƙazuwa. Waɗannan duk aikin likitan dabbobi ne, ga shi kuma kina kusa da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello.

Shawarar baƙin mai kuwa, ki yi watsi da ita. Shi da kananzir da fiya-fiya suna ƙona fata, dabbar kuma ta lashe gubar. Kada a shafa wa kyanwa maganin ƙuma na kare, domin wasu suna ɗauke da sinadarin fametirin, wanda yake iya kashe ta.

Ki kuma duba abincinsu. Ragowar tuwo da shinkafa kaɗai ba za su riƙe gashi ba, kyanwa musamman sai da nama ko kifi, a haɗa musu da dafaffen ƙwai lokaci zuwa lokaci, a kuma ba su maganin tsutsar ciki bisa shawarar likita.