Tambayi Likita: Me ya haɗa gazawar zuciya da ruwa a huhu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu manomi ne, ya haura shekara sittin, kuma ya daɗe da hawan jini. Tun bayan damina ba ya iya barci sai an jingina shi da filo uku. In ya miƙe sosai, sai ya farka cikin dare yana haki da tari. A kemis an ce asma ce, amma a babban asibiti aka ce zuciyarsa ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu. To, in zuciya ce ba lafiya, me ya kawo huhu cikin maganar? Daga wani mai karatu a ƙaramar hukumar Gwaram, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Zuciya ɗakuna huɗu ne, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓangaren dama shi ke tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, daga nan jinin ya gangaro ɓangaren hagu, wanda ke harba shi zuwa sauran jiki. Ka ga ke nan huhu yana tsakanin ɓangarorin biyu. Hawan jini na shekaru yakan sa ɗakin hagu na ƙasa ya yi kauri ya sandare, ko ya saki ya rasa ƙarfi. Sai jini ya yi cunkoso a bayansa, bayan nan kuwa huhu ne.

Jijiyoyin huhu ba su saba da matsi mai yawa ba. A mai lafiya, matsakaicin matsin babbar jijiyar huhu wajen 14 ne a ma'aunin da ake gwada hawan jini da shi, in ya haura 20 an shiga hawan jinin huhu. Matsin ɗakin hagu na sama kuma bai cika wuce 12 ba. In ya doshi 25, ruwa zai fara tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyi zuwa jakunkunan iska. Idan Baba ya kwanta, ruwan da ya wuni a ƙafafunsa sai ya koma ƙirji, cunkoson ya ƙaru. Dalilin filo ukun ke nan.

Zuciya tana da nata makamin kariya. A 1981 wani masani a Kanada, Adolfo de Bold, ya gano cewa ɗakunan sama na zuciya suna fitar da homon, wato sinadarin da ke bin jini yana kai saƙo ga gaɓoɓi. Shi ne ANP. A 1988 masana a Japan suka gano ɗan'uwansa, BNP, wanda akasarinsa daga ɗakunan ƙasa yake fitowa. Duk sa'ad da bangon zuciya ya miƙe saboda cikar jini, sai ta saki waɗannan biyun. Suna sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa ta fitsari. Suna danne sinadaran da ke riƙe gishiri. A huhu kuma suna manne wa tsokar da ke zagaye da jijiyoyi, su tada wani sinadari mai suna cGMP a cikinta, tsokar ta saki, jijiya ta buɗe, matsi ya sauka. Suna kuma rage saurin kaurin bangon jijiyar.

To, me ya sa suka kasa ceton Baba? An fi ƙarfinsu ne. Idan ƙoda ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu, takan ɗauka jiki ya yi asarar jini, sai ta tada sinadaran da ke tsuke jijiya da riƙe gishiri, irin su anjiyotensin da aldostiron. Kuma a jikin jijiyoyin huhun ne ake sarrafa kaso mai yawa na anjiyotensin mai ƙarfin. Sannan huhu da ƙoda suna ɗauke da wani sinadari, nefrilaisin, mai farfasa ANP da BNP, har ANP ba ya wuce 'yan mintoci a jini. Ga shi kuma in ciwon ya daɗe, jijiyoyin sukan daina jin saƙon sosai, kuma da yawan BNP ɗin da zuciya ke fitarwa cikin gaggawa bai gama haɗuwa ba, ƙarfinsa kaɗan ne. A hankali jijiyoyin huhu su yi kauri su tsuke, ɓangaren dama ya gaji da turawa, sai a ga kumburin ƙafa, da na hanta, da ruwa a ciki.

Maganin yana bin wannan layin. Furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, yana kwashe ruwan. Lisinopril da spironolactone suna karya lagon sinadaran riƙe gishiri. Akwai kuma sacubitril da aka haɗa da valsartan, wanda ke toshe nefrilaisin don homon ɗin zuciya ya daɗe yana aiki. Ba a haɗa shi da lisinopril ko enalapril, sai an bar awa 36 tsakaninsu, don haɗin kan kumbura fuska da maƙogwaro.

A gida, gishirin Baba na wuni ɗaya, har da na dunƙulen miya da kanwa, kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A auna nauyinsa kowace safiya in da hali. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, a koma asibiti. A raba shi da diclofenac da ibuprofen, har da haɗin maganin gajiya da ake ƙullawa a leda, domin suna sa ƙoda ta riƙe ruwa. In ya fara tarin kumfa mai jaja-jaja, ko haki ya hana shi magana, a zaunar da shi ƙafafu a ƙasa, a nemi mota nan take.

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a yankin Bichi. Marasa lafiyar da muka tura Kano suna dawowa da takardar gwajin BNP ko NT-proBNP. Yaya zan karanta ta?

Amsa: Sannu da aiki, 'yar'uwa. Zuciya tana fitar da sinadarin a dunƙule, sai ya rabu biyu: BNP mai aiki, da NT-proBNP wanda ba ya aiki amma ya fi daɗewa a jini. Ana auna su da fikogiram, wani ɗan ƙanƙanin ma'aunin nauyi, a kowace mililita ta jini. Ga wanda ya zo asibiti da ƙafarsa, BNP ƙasa da 35 ko NT-proBNP ƙasa da 125 na nuna da wuya gazawar zuciya ce. Ga wanda aka kawo cikin haki mai tsanani, iyakokin su ne 100 da 300.

Gwajin ya fi amfani wurin kore cutar fiye da tabbatar da ita. Tsufa, ciwon ƙoda da bugun zuciya marar tsari duk suna ɗaga shi, ƙiba kuma tana saukar da shi, don haka kada adadi kaɗan ya ruɗe ki a mai jiki. Wanda ke shan sacubitril, NT-proBNP za a duba, don maganin da kansa yana ɗaga BNP. Adadi mai yawa dalili ne na yin hoton zuciya na eko, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shi zai nuna ko tsoka ce, ko ƙofar zuciya mai hana jini komawa baya ce ta lalace.

Tambaya: Na ji an ce maganin ƙarfin maza, sildenafil, yana buɗe jijiyoyin huhu. Yayana yana da gazawar zuciya da hawan jinin huhu. In saya masa? Daga wani manomin rani a Kura.

Amsa: Kada ka saya, Malam. Gaskiya ne sildenafil yana hana rushewar cGMP, wato yana bin hanyar da homon ɗin zuciya ke bi, kuma ana ba da shi a wani nau'in hawan jinin huhu da ya samo asali daga jijiyoyin kansu. Na yayanka daban ne, mafita ce ta toshe. Kai da ka san ban ruwa, in magudanar fita ta cushe, ka ƙara buɗe ƙofar shiga, ai gona za ta yi ambaliya. Buɗe jijiyoyin huhu alhali ɗakin hagu bai iya karɓa ba yana iya ƙara ruwa a huhu. An gwada shi a masu irin wannan matsala bayan gyaran ƙofar zuciya, kuma sun fi taɓarɓarewa a kan waɗanda ba a ba su ba. In kuma yana shan isosorbide ko wani maganin ciwon ƙirji na dangin naitiret, haɗin yana iya faɗar da jininsa har ya suma.

Tambaya: 'Yata ta haihu sati uku da suka wuce, ƙafafunta sun kumbura, tana haki ko ta ɗan taka zuwa bayan gida. Ana cewa jego ne, a ƙara mata kunun kanwa. Daga wata uwa a Ringim.

Amsa: Hajiya, a kai ta asibiti yau. Akwai gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Kanwa tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, shi ne kuma abin da homon ɗin zuciyarta ke fama ya fitar. A dakatar da kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi har likita ya gan ta. A faɗa masa tana shayarwa don ya zaɓi maganin da ya dace. Da yawa zuciyarsu takan farfaɗo in an fara magani da wuri, amma kada ta sake ɗaukar ciki sai an maimaita hoton zuciya, likita ya ba da shawara.