Mijin ƙanwata ya karya mata hannu: ya halatta in kai shi ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Daga Tawa ta Nijar nake. Mijin ƙanwata ya doke ta da taɓarya har ƙashin hannunta ya karye. Yajinta na uku ke nan, sau biyu muna mayar da ita. Ina son in kai ƙara, amma wani ɗalibi a unguwarmu ya ce zuwa kotun gwamnati kai hukunci ne ga ɗagutu. Mijin ya ce ba zai sake ta ba sai an mayar masa da sadakinsa, jika 150 na sefa, kawunnanmu kuma sun ce a biya a rufe magana. Ni kuwa zuciyata na raya mini in je in rama mata.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ta lafiya. Haramcin abin da ya yi ba ya bukatar dogon bayani. Babu malamin da ya kira taɓarya da karaya ladabtarwa.

Karayar nan ita ce ta sauya hukuncin, domin cutarwa ce bayyananniya. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, macen da aka cutar a fili tana da haƙƙin alƙali ya raba auren, ko da shaidu ba su tabbatar da maimaituwar cutarwar ba. Saboda haka kada ku biya ko dala. Hul'i, wato mace ta biya miji don ya sake ta, na macen da ta ƙi zama ne alhali mijin bai cuce ta ba. In ma an matsa mata ta biya, daga baya cutarwar ta tabbata, ko da ta shaidar abin da maƙwabta suka daɗe suna ji ne, sakin ya tabbata, kuɗin kuma ya dawo mata. Ka faɗa wa kawunnanku haka cikin ladabi.

Maganar ɗalibin kuwa kuskure ce, kuma mai haɗari. Ayar da yake nufi, ta 60 a Suratun Nisa'i, tana magana ne a kan wanda hukuncin Manzon Allah (SAW) yake gabansa, ya juya masa baya don ya fi son wani. Ku wane alƙalin shari'a kuka bari mai ikon tsare wannan mutum? Limami nasiha yake yi, mai unguwa da sarki sulhu suke yi, babu mai gidan kaso a cikinsu. Haƙƙin da kuke nema kuma shari'a ce ta ba ku shi tun farko. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi, sarkin Habasha yana Kirista a lokacin, ya kare musulmi daga jakadun Ƙuraishawa. Annabi da kansa ya shiga Makka bayan Ɗa'ifa cikin kariyar Muɗ'im ɗan Adiyyu, mushiriki. Ga shi kuma a Nijar shari'ar aure da saki alƙali bisa al'adar ma'auratan yake yanke ta, tare da masu ba shi shawara kan al'ada, waɗanda sau da yawa malamai ne. Ka tambayi ɗalibin, in aka sace masa babur yau, ina zai nufa? Sharaɗi dai kada ku yi ƙarya, kada ku nemi fiye da haƙƙinku.

Ku fara da likita, tun kumburi da shatar duka ba su baje ba. A yi hoton ƙashi, a karɓi takardar likita mai nuna raunin da adadin kwanakin da ba za ta iya aiki ba. In mai ɗori ya riga ya ɗaure hannun aka yi makonni, hujja ta yi rauni, mijin ya ce faɗuwa ta yi. Daga nan sai komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko jandarmomi, ita da bakinta, da maƙwabtan da suka ji ihu. A karanta mata abin da aka rubuta kafin ta sa hannu. Kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa gyara a 2003, ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2 da tarar jika 10 zuwa 100, ko ɗaya daga cikin biyun, kan duka da raunata mutum da gangan, kuma hukuncin yana ƙaruwa in gaɓa ta nakasa. In babu kuɗin lauya, ku nemi ofishin ANAJJ a kotu, hukumar da dokar 2011 ta kafa don taimakon marasa ƙarfi. Ku sani kuma, in magana ta isa hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati, janyewarku ba lalle ta tsayar da shari'ar ba. Ƙarar raba aure daban take da ta duka, kowacce sai an shigar da ita.

Saura kai. Ramuwa ba taka ba ce. Ko ƙisasi hukuma ke tsayar da shi, ba dangi ba. In ka taɓa shi, kai za a tsare, ita ta rasa mai raka ta kotu. Kuma sau biyu kuka mayar da ita da "yi haƙuri" ba tare da an kafa wa mijin wani sharaɗi ba. Ku nemi gafararta a kan wannan. Kada ta koma ɗaukar kayanta ita kaɗai, a tura dattijai biyu. In daga baya ita da kanta ta zaɓi yafewa, haƙƙinta ne, amma ba a taron dangi da kowa ya zuba mata ido ba.

Wallahu a'alamu.