Wa ya kamata ya je gidan Kafulet?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai yau da na samu natsuwa. Kin ce 'yarki tana karanta Romiyo da Juliyet na Shakespeare a makaranta, ta zo ta tsare ki da tambaya: wai laifin wa ne, na yaran da suka yi aure a ɓoye ko na iyayen da suka riƙe gaba, kuma shi kansa auren ya ɗauru tunda babu waliyyi? Na koyar da wannan wasan shekaru masu yawa a sakandare kafin in ajiye aiki, sau biyu kuma mun ɗora shi a dandamali da ɗalibai, don haka bari in faɗa miki abin da na gani a cikinsa.

In fara da maganar ɗauruwar auren, don ita ce mai sauƙi. Labarin a birnin Berona na ƙasar Italiya ya faru, tsakanin Kiristoci 'yan Katolika, kuma a dokar cocinsu ta wancan zamanin yardar namiji da mace ita ce ke ƙulla aure, ko iyaye sun sani ko ba su sani ba. Coci ba ta son auren ɓoye, tana tsawatarwa a kai, amma in an yi to ya yiwu. Sai a 1563 babban taron cocin da aka yi a garin Trent ya ce dole a yi shi gaban limamin coci da shaidu biyu, kuma ko a nan ba a sa yardar iyaye cikin sharuɗɗa ba. Ingila, ƙasar marubucin, sai 1753 ta yi dokar da ke rushe auren wanda bai kai shekara 21 ba in babu izinin iyayensa. To a idon mutanen da suka fara kallon wasan wajajen 1595, Juliyet matar Romiyo ce halak malak. Ki gaya wa yarinya ta rarrabe wannan da namu. A wurinmu babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma a mazhabar Malikiyya auren da aka ce wa shaidu su ɓoye shi raba shi ake yi.

Maganar laifi kuwa, a nan na daɗe ina sa'insa da ɗalibaina. Duk ajin da na shiga, da zarar mun gama karatu sai yara su rabu biyu. Wasu su ce yaran ba su da tarbiyya, sun haɗu daren Lahadi sun yi aure ranar Litinin. Wasu su ce tsoho Kafulet, mahaifin Juliyet, azzalumi ne, shi ya kashe 'yarsa da auren dole. Shekarun farko ni ma ina tare da na biyun. Da na yi ta maimaita karatun sai na lura da wani abu da ya canza mini tunani: tun daga farkon wasan har ƙarshensa babu mahalukin da ya taɓa zuwa wurin Kafulet ya ce masa Romiyo, ɗan abokin gabarsa Montagu, yana son 'yarsa. Bai hana ba, don ba a tambaye shi ba.

Ki duba kashi na ɗaya, fitowa ta biyu. Faris, ɗan'uwan sarkin gari, ya zo neman auren Juliyet, uban ya ce masa yarinyar ba ta cika sha huɗu ba, a ƙara mata shekara biyu, kuma ya je ya nemi soyayyarta tukuna, don yardarsa tana bin tata ne. Ita kaɗai ta rage masa cikin 'ya'yansa. A wannan zaman ne ma ya ce tsofaffi irinsa da Montagu bai kamata zaman lafiya ya gagare su ba. Da daddare a wurin liyafa, Taibalt, ɗan'uwan Juliyet ta wajen uwa, ya gane muryar Romiyo a ƙarƙashin abin rufe fuska, ya nemi a kawo masa takobi. Kafulet ne ya taka masa birki, ya ce duk Berona ana yabon yaron da hankali da kamun kai, ba zai yarda a wulaƙanta shi a gidansa ba. Uban da ya faɗi haka a kan ɗan abokin gabarsa, a ce ba za a iya zama da shi a yi magana ba? Ni dai ban yarda ba.

Ita kanta gabar, marubucin bai taɓa faɗar mafarinta ba. Ya ce tsohuwa ce kawai. Barorin gidajen biyu ne suka buɗe wasan da tsokanar juna a kan titi, su da ba su gaji komai a cikin rigimar ba. Na san irin wannan a danginmu, gida biyu da suka shekara fiye da ashirin ba sa gaisawa saboda iyakar gona, har waɗanda suka san inda iyakar take suka rasu, jikoki suka ci gaba da ɗauke kai in sun haɗu a kasuwa.

Manya biyu ne suka san da auren: Fada Lorens, limamin cocin da ya ɗaura shi, da uwar goyon Juliyet wadda ta shayar da ita. Fada Lorens ya yarda ne da niyyar alheri, ya ce wataƙila auren ya mai da ƙiyayyar gidajen biyu ƙauna. Amma auren da ba wanda ya sani ta yaya zai sasanta mutane? Bai tsara ranar da zai faɗa ba, bai tsara wanda zai fara tunkara ba. Kuma sirrin bai kwana ba sai da ya ci rai. Da yammacin Litinin ɗin Taibalt ya tare Romiyo da zagi, Romiyo ya ƙi yin faɗa da shi, yana ta ce masa yana da dalilin ƙaunarsa wanda ba zai iya bayyanawa ba. Abokinsa Makushiyo, da bai san an zama surukai ba, ya ɗauki wannan a matsayin tsoro, ya zare takobi. Romiyo ya shiga tsakani don rabawa, ta ƙarƙashin hannunsa aka soke abokin nasa. Romiyo kuma ya kashe Taibalt, sarki ya kore shi daga gari, ya tafi Mantuwa.

Ban wanke Kafulet ba, kada ki fahimce ni haka. Abin da ya yi da safiyar Talata mummuna ne ƙwarai. Ya ga 'yarsa tana ta kuka, ya zaci na mutuwar Taibalt ne, sai ya yanke cewa aure zai share mata hawaye, tun daren Litinin ya sa ranar Alhamis don aurenta da Faris ba tare da ya ji ta bakinta ba. Da ta ce ba ta so, sai mutumin da ya ce yardarsa tana bin tata ya koma wani daban.

Karo na biyu da muka yi wasan, wata yarinya 'yar aji biyar ce ta fito a Juliyet, ƙarama ce a jiki, muryarta ba ta da ƙarfi. Da aka zo kashi na uku, fitowa ta biyar, ta durƙusa gaban yaron da ya fito a Kafulet, mun sa masa gemun auduga da babbar riga ta aro. Ta ce ya saurare ta kalma ɗaya kawai. Ya daka mata tsawa, ya ce in ba ta auri Faris ba ta fita ta yi bara, ta mutu a titi, ba shi ba ita. Ta juya wajen uwar, uwar ta ce kada ta yi mata magana, ta fice. Ta rarrafa ta kama zanen uwar goyonta, ita kuma ta ce mata ai gara ta auri Faris ɗin, tunda na farkon ya tafi kamar ya mutu. Ɗakin taron da ɗalibai ke ta surutu tun farko ya yi tsit, har ana jin ƙarar fanka. Bayan an tashi wata dattijuwa cikin iyayen yara ta tare ni a bakin ƙofa, tana gyara mayafi, ta ce, "Malam, shi wannan limamin ƙafarsa ce ta karye da ba zai je ya gaya wa uban ba?"

Tun ranar tambayarta ba ta bar ni ba. Mu nan saurayi ba ya zuwa neman aure da bakinsa, baffanni ake turawa da goro, saboda an san akwai maganar da yaro ba zai iya faɗa wa babba ba, sai babba ɗan'uwansa. Juliyet 'yar sha uku ce. (A waƙar Arthur Brooke ta 1562, inda Shakespeare ya samo labarin, ta kusa sha shida kuma al'amarin ya ɗauki watanni, shi ne ya rage mata shekaru ya matse komai cikin kwana huɗu zuwa biyar.) Yarinya irin wannan ba a sa ran ta tsaya gaban uba mai fushi ta ce ina da miji. Wanda ya ɗaura auren shi ya kamata ya ɗauki wannan nauyin, ga shi mutumin da gari duka ke girmamawa, har sarki ya shaide shi da tsoron Allah.

Na san zuwan ba zai yi daɗi ba. Jinin Taibalt bai bushe ba, matar Kafulet tana maganar tura wanda zai sa wa Romiyo guba a Mantuwa, kuma shi Fadan zai sha tuhuma kan abin da ya aikata. Duk da haka, da Juliyet ta zo masa ranar Talata da wuƙa tana cewa za ta kashe kanta, abin da ya miƙa mata maganin da zai kwantar da ita kamar gawa na awa 42 ne. Daga nan komai ya rataya a kan wasiƙa ɗaya da Fadan ya aika wa Romiyo don ya san ba mutuwa ta yi ba. Uban ya ji daɗin "amincewar" da ta yi masa, ya dawo da bikin Laraba. Wanda aka ba wasiƙar aka kulle shi a wani gida saboda zargin annoba, bai isa Mantuwa ba. Romiyo ya ji labarin mutuwa, ya sayi guba, ya kashe Faris a bakin kabari, ya sha. Da Juliyet ta farka, Fadan ya ji motsin masu gadi ya tsorata, ya fita ya bar ta ita kaɗai da gawar mijinta da wuƙarsa. Rai shida aka rasa, har da mahaifiyar Romiyo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe.

In 'yarki tana da littafin a hannu, ku zauna tare ku karanta fitowa ta biyu a kashi na ɗaya, sannan ta biyar a kashi na uku, sai ku tsallaka zuwa fitowar ƙarshe inda Fada Lorens ya tsaya gaban sarki da iyayen da suka rage ya zayyana komai, tun daga ɗaurin auren har maganin barcin. Jawabin bai wuce layi arba'in da 'yan kai ba. Lokacin gwaji na taɓa duba agogo yaron da ya fito a Fadan yana karanta shi, bai cika minti uku ba. Jim kaɗan bayan haka Kafulet ya miƙa wa Montagu hannu, ya kira shi ɗan'uwa.