Wace halitta ce ja wur mai rawa a Bahar Maliya?

Malam, ka tambaya ko jar halittar nan da ake nunawa tana kaɗa jiki a ruwan Bahar Maliya kifi ce, kuma ko tana da guba. Ba kifi ba ce. Dangin dodon koɗi ce, sai dai babu ƙwarya a bayanta. Masana suna kiranta Hexabranchus sanguineus, tana zaune a cikin duwatsun murjani na ruwa mai ɗumi, daga Bahar Maliya zuwa tekun Indiya da na Fasifik. Babba a cikinsu takan kai santimita 30 ko fiye.

Da rana tana ɓoye a ramukan dutse, da dare take fitowa kiwo. In aka tsorata ta sai ta warware gefen jikinta da ta naɗe, ta riƙa lanƙwasawa tana miƙewa har ta tashi sama cikin ruwa. Rawar da ka gani ke nan, gudun ceton rai ne.

Batun guba kuwa, akwai ta, amma ba ta sara, ba ta harbi. Soson teku take ci, ta tara gubarsa a jikinta, shi ya sa kifaye da yawa ba sa marmarinta. Abin da ya fi burge ni shi ne har ƙwanta tana sa wa wannan guba. Takan manna shi a kan dutse, siririn zare mai faɗi a nannaɗe kamar furen wardi, ta tafi abinta.

In Allah ya kai ka wurin, ka kalla da ido kawai. Jikinta laushi gare shi, kamun hannu kan yi mata lahani.